Idan Aka Ce Maka Gyara Kayanka

'Ya'yana maza da mata, 

Akwai tarbiyyar da kusan kowane gidan Bahaushe yake ba ɗansa tun yana ƙarami: idan babba yana yi maka faɗa ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kada ka haɗa ido da shi, kada ka katse shi, idan ya gama ka ce, "To, Baba, in Allah Ya yarda ba zan sake ba." Tarbiyya ce mai kyau, ku riƙe ta da hannu biyu. Amma tana da ciko, kuma a kan cikon nake so mu tattauna yau. Kai yana iya sunkuyawa alhali zuciya tana tafasa. Sau nawa muka ga yaro ya ce "to" da baki, ya fita yana ƙunƙuni, ya yi kwana da kwanaki yana kumbure-kumbure, abin da aka yi masa magana a kai kuwa yana nan yadda yake? Ladabi dai an yi shi, gyara ne bai shiga ba. Ba kuwa zai shiga ba sai mutum ya san abin da yake motsi a ransa a daidai lokacin da maganar ta sauka a kunnensa.

Ku fara da yarda cewa gyara yana da zafi, kuma jin zafin ba aibi ba ne. Haka Allah Ya halicci ɗan'adam. Likitoci sun bayyana cewa a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda aikinsa gadi ne. Da zarar ya hango barazana sai ya tayar da jiki, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta kama bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Wannan shiri ne na ceton rai, shi ne yake sa ka yi tsalle idan ka ga maciji tun kafin ka yi tunani. Sai dai mai gadin nan yakan tashi ko da mutuncinka aka taɓa, ba jikinka ba. Maigidanka ya ɗaga aikinka a gaban abokanka ya ce bai yi ba, sai jikinka ya ɗauka kamar an zo kashe ka. Daga nan wani ya tayar da jijiyar wuya yana kare kansa, wani ya yi zuciya ya bar shago, wata ta ɗauki mayafi ta yi yaji, wani kuma ya daskare yana ta "to, to" ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, zafin da kuka ji ba shaida ba ne cewa an zalunce ku. Mai gaskiya yana jin sa, marar gaskiya ma yana jin sa, sau da yawa ma na marar gaskiya ya fi tsanani. Iyakar abin da zafin yake gaya muku shi ne an taɓa wani abu mai daraja a wurinku. Aikinku na farko ku gano mene ne aka taɓa.

Ɗana, idan oganka a gareji ya ce ka ɗaure ƙusa ba daidai ba, ka ji ranka ya ɓaci, ka tambayi kanka a ɓoye: me ya ƙona ni? Wataƙila kunya ce, don a gaban mai mota ya faɗa. Wataƙila girman kai ne, don wanda ya lura da kuskuren yaro ne da ka riga shi zuwa da shekara biyu. Wataƙila tsoro ne, kana ganin daga wannan sai sallama. Wataƙila kuma yunwa ce da gajiya, tun safe kana ƙarƙashin mota ba ka sa komai a bakinka ba. 'Yata, idan uwar mijinki ta ce miya ta yi gishiri, kika ji hawaye na neman zubowa, ki duba da kyau. Gishirin ne ya sa ki kuka, ko kuwa fargabar cewa har yanzu ba a karɓe ki a gidan ba? Wani kuma tsohon miki ne aka fama masa: tun yana yaro ake ce masa ba ya iya komai, don haka ko wace ƙaramar magana sai ta tayar masa da waccan tsohuwar murya. Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban. Mai jin yunwa abinci yake buƙata, mai jin tsoro tabbaci yake nema, mai girman kai kuwa istigfari ne ya kamace shi. Wanda bai san wanne ne yake damunsa ba, sai ya tattara su duka ya kira su da suna ɗaya, ya ce an raina shi.

Kada ku raina amfanin kiran abu da sunansa. A shekarar 2007 wani masani mai suna Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu hotunan fuskoki masu fushi da masu firgita. Sun ga cewa idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin da yake gani, motsin amigdala yana raguwa, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai lissafi da auna al'amura kuma ya ƙara aiki. Saboda haka idan ka ce a ranka, "Kunya nake ji," ko "Tsoro ne ya kama ni," ka riga ka fara karɓe ragama daga hannun zuciya.

Akwai wani bincike kuma da ya kamata ku sani. A 1996 masana biyu, Kluger da DeNisi, sun tattara sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan yadda gaya wa mutum matsayin aikinsa yake shafar ƙwazonsa. Galibi yana ƙara ƙwazo, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin baya ya ci. Bayanin da suka bayar shi ne, hakan yakan faru idan hankalin mutum ya bar kan aikin ya koma kan kansa. Wannan kuwa kullum muna gani. An ce wa yaron tela wuyan riga ya karkace, shi kuma abin da kunnensa ya ji shi ne, "Kai ba za ka taɓa zama tela ba." An mayar wa ɗaliba kundin bincikenta cike da jan biro, ita kuma ta karanta cewa ba ta cancanci zama a jami'a ba. Ba wanda ya faɗi haka, zuciya ce ta yi ƙari. Ku koyi maimaita wa kanku ainihin kalmomin da aka furta, ba daɗi ba ragi. Sau da yawa za ku tarar abin da aka faɗa bai kai rabin abin da kuka ji ba. Magabata sun taƙaice mana wannan tun tuni da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In kuna son ganin inda aka iya karɓar gyara, ku je tsangaya ku kalli gardi da allonsa. Mutum ne mai gemu, wani ma da mata da 'ya'ya, ya yi shekaru yana tilawa dare da rana. Zai cika allo da rubutu, ya ɗauka da kansa ya kai wa alaramma darasu. Alaramma ya bi shi harafi bayan harafi: nan wasali ya faɗi, nan an bar ɗigo, nan ka ƙara alif, nan ka zame daga wannan aya ka faɗa cikin mai kama da ita a wata sura. Gardi ba ya cewa an ci masa fuska. Ranar da aka tono masa kure da yawa, a wurinsa ranar riba ce, domin da bai zo ba da ya ci gaba da yawo da su a ka. Wanda ya rubuta izu sittin da ka ma ba ya naɗewa ya ajiye, sai ya miƙa wa masana sun duba masa. Ba a zama gwani sai an bi ta hannun masu gyara. Me ya ba su wannan juriya? Abin da ke kan allon ya fi sunansu daraja a wurinsu. Kuma sun san kuren a kan allo yake, ana wankewa a sake rubutawa. Duk wanda ya ƙaunaci sana'arsa fiye da yadda yake ƙaunar a yabe shi, zai sami rabonsa daga wannan juriya.

To, idan zafin ya taso, me za a yi? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mai fushi ya yi shiru, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. An kuma ruwaito umarni da yin alwala. Ku lura duk waɗannan jiki suke fara kwantarwa, domin ba a yi wa zuciya wa'azi tana tsakiyar tafasa. Manzon Allah ya kuma hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Kai ma a lokacin da aka gyara maka alƙali ne, an kawo maka ƙara tsakaninka da mai maganar, ga shi kuma kana da son rai a cikin shari'ar. Ka ɗage zaman. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Na ji, Yaya, ka ba ni zuwa gobe in yi tunani." Idan ta WhatsApp saƙon ya zo, ka kife wayar, kada ka amsa sai ka yi salla ka ci abinci, in da hali ma sai ka kwana. Magana zarar bunu ce, wadda aka rubuta kuwa ta fi muni, don ana ajiye ta a nuna maka bayan shekara.

Idan ka huce, ka koma da tambaya. "Malam, wane wuri ne bai yi ba? Nuna mini." "Mama, yaya kike so in riƙa yi?" Ka maimaita abin da ka fahimta da bakinka, ka ji ko haka ake nufi. Yawancin masu gyara ba su iya bayani ba. Za su ce maka "ba ka da natsuwa" ko "aikinka ba tsari," maganar da ba ta da wurin kamawa. Tambaya ce take mayar da ita abin da za ka iya aiki da shi: ashe nufinsa kana barin kayan aiki a warwatse idan an tashi. Wannan kuwa gobe ma za ka iya gyarawa. Tambayar tana da wata fa'ida: mai faɗa idan ya ga da gaske kake son fahimta, muryarsa takan sauka da kanta.

Daga nan sai awo. Gyaran da zai zo muku iri uku ne. Akwai gaskiyar da aka faɗa da lafazi mai daɗi, a keɓe, cikin mutunci. Wannan kyauta ce, ku yi godiya. Akwai kuma gaskiyar da aka faɗa da tsawa, ko da gatse, ko a bainar jama'a, ko daga bakin wanda kun san ba ya ƙaunarku. Ita ce ta fi yawa, ita ce kuma aka fi asara a kanta, domin mutum yakan kama laifin yadda aka faɗa ya fake da shi, ya ƙi duba abin da aka faɗa. Mai shiƙa ba ta zubar da gero don ya zo da ƙaiƙayi, takan ɗaga ƙwarya ne ta bar iska ta kwashe nata, tsaba ta sauka. Ku bar tsawar ta bi iska, ku ɗauki gaskiyar. Maƙiyi ma yakan yi amfani a nan, domin ya fi masoyi sa ido a kan aibinka, kuma ba ya jin nauyin faɗa.

Na uku shi ne gyaran da ba daidai ba ne, ko wanda kake shakka a kansa. A nan ma akwai abin koyi mafi girma. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame bayan raka'a biyu a ɗaya daga cikin sallolin rana masu raka'a huɗu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna cikin sahu, amma kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya tambaya ko an rage salla ne ko mantuwa aka yi. Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ga jama'a ya tambaye su ko gaskiya ne, suka tabbatar, ya tashi ya cika abin da ya rage, ya yi sujada biyu bayan sallama. Daga irin wannan ne muka sami hukuncin ƙabli da ba'adi da kuka karanta a littafin Ahalari. Ku dubi tsarin: an saurara, an bincika wurin wasu, an cika, an wuce. Idan kana shakkar abin da aka gaya maka, ka nemi mutum biyu ko uku masu gaskiya, waɗanda ba sa tsoron ɓacin ranka, ka tambaye su. Kada ka je wurin abokin da ka san zai ce maka hassada ake yi maka. In bakinsu ya zo ɗaya da na mai gyaran, ka miƙa wuya.

In kuwa ka auna ka ga kai ne da gaskiya, ba a ce dole ka bi ba. Ka bayyana hujjarka cikin natsuwa. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Borno ya rubuta wasiƙu yana tuhumar hujjar yaƙin da mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suke yi da Borno, Muhammadu Bello ya amsa masa da dalilai. Bai yarda da shi ba, amma da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sai ya sanya maganganun al-Kanemi a ciki tare da amsoshinsu. Yau fiye da shekara 200 masu karatu suna ganin ɓangarorin biyu. Wanda zuciyarsa ta zauna ne kawai yake iya adana sukar da aka yi masa a cikin littafinsa.

Kada kuma ku ɗauka ina ce muku ku zauna a riƙa taka ku. Gyara daban, cin mutunci daban. Mai gyara aikinka yake nufi, kuma yana nuna maka mafita. Mai cin mutunci asalinka yake zagi, da iyayenka, da halittarka, kuma ko ka gyara ba ya dainawa. Mai irin wannan hali ana iya gaya masa cikin ladabi cewa a faɗi laifin ba tare da zagi ba, in ya ƙi a kai magana ga manya. 'Yata, duka da wulaƙanci a gidan aure ba nasiha ba ne, kada kowa ya ce miki haƙuri da su shi ne karɓar gyara. Sanin abin da ke ranki shi ne zai taimake ki ki bambance ciwon gaskiya, wanda yake lafawa idan an gyara, da ciwon zalunci, wanda kullum ƙaruwa yake yi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta gobe. Yau ku ne ƙanana, kowa yana gyara muku. Wata rana ku ne shugabannin ofis, ku ne masu shago, ku ne iyaye da surukai. A lokacin ne haɗarin yake, domin wanzami ba ya son jarfa, kuma mutane suna daina gaya wa babba gaskiya da zarar sun ga fuskarsa tana canzawa. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Dalilan hatsarin suna da yawa, har da rikicewar maganar rediyo. Amma na'urar naɗar murya ta nuna cewa lokacin da ɗaya jirgin ya fara gudun tashi, injiniyansa ya tambaya ko ɗayan ya riga ya bar titin. Kyaftin ɗin, wanda babba ne a kamfaninsa har shi ne yake horar da matuƙa, ya amsa da tabbaci cewa ya bari, ya ci gaba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne aka shigo da horo na musamman a harkar jiragen sama, inda ake koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani ba tsoro, a koya wa babba ya saurara. Gida ma haka yake, kasuwa ma haka. Maigidan da ba a iya gaya masa ya yi kuskure, shi ne na ƙarshe da yake jin labarin ɓarnar da ke cikin gidansa.

Saboda haka ku fara sabawa tun yanzu da ƙashinku bai yi tauri ba. Ku riƙa neman gyara kafin ya zo da kansa, domin wanda ka roƙa bai kai wanda ya faɗo maka zafi ba. Idan kun gama aiki ku kai wa wanda ya fi ku sani ku ce, "Duba mini, ina ne da saura?" Ku riƙe aboki ko ƙawa ɗaya da ke iya kallon idonku ya ce ba ku kyauta ba, kada ku bari fushi ya raba ku da shi. Idan kun gyara abin da aka nuna muku, ku koma wurin mai nunawar ku ce, "Na gwada yadda ka ce, Allah Ya saka da alheri." Wannan 'yar kalma ita ce take buɗe muku ƙofar nasiha ta gaba. Da dare kuma kafin barci ku yi wa kanku hisabi: yau wace magana ce ta ƙona ni, me ta taɓa, kuma mene ne gaskiya a cikinta? Wanda ya lizimci wannan, a hankali zai san wuraren da zuciyarsa take saurin kamawa, ya riƙa ganin fushi tun yana nesa.

Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba, kuma cikon na goman yakan zo ne ta bakin wani. Allah Ya ba ku kunnen ji da zuciya mai faɗi. Ya haɗa ku da masu gaya muku gaskiya don ƙauna, Ya ba ku ikon karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Amin.